Kafin Mai Ƙiyasi Ya Ƙwanƙwasa Ƙofa

Duk gidan da aka sa a kasuwa farashi uku gare shi. Akwai wanda mai gida ke riƙe da shi a zuci, wanda ya cakuɗa kuɗin da ya zuba da wahalar da ya sha da shekarun da ya kwashe a ciki. Akwai wanda mai saye ya taya har aka sallama masa. Sai na uku, wanda wani baƙo zai rubuta bayan ya zagaya gidan da abin awo da kyamara, wani sa'in ko awa guda ba zai cika ba ya kama hanya. Idan da bashin banki za a biya kuɗin gidan, na ukun nan shi ke yanke hukunci, sauran biyun sai dai su bi.

Wannan baƙon shi ne mai ƙiyasi, ƙwararren da sana'arsa ita ce faɗin ƙimar gida a kasuwa. Abu na farko da ya kamata mai gida ya sani game da shi, wanda mutane da yawa ba sa ganewa sai aikin gama ya gama, shi ne ba shi yake wa aiki ba. Ba kuma mai saye yake wa aiki ba, duk da cewa sau da yawa daga aljihun mai sayen ake biyan ladan aikin. Banki ne ya aiko shi, tambayar bankin kuma guda ɗaya ce tak: idan wanda muka ba bashi ya gaza biya, muka karɓe gidan nan muka sayar, kuɗinmu zai fito? Gidan nan jingina ne, mai karɓar jingina kuwa ba ruwansa da cewa a wancan ɗakin ɗanka na fari ya koyi tafiya.

Ana kiran mai ƙiyasi a wasu lokutan ma, kamar rabon gado, ko raba dukiya bayan mutuwar aure, ko ƙorafi kan harajin gida, ko idan mai gida yana son sabunta bashin da ke kansa da sharuɗɗa masu sauƙi. Amma na saye da sayarwa shi ya fi hana barci, ga kuma dalili. Banki yakan lissafa bashin ne a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin farashin ciniki da ƙiyasi. A ce an yi ciniki a kan 100, banki ya yarda zai ba da kashi 80 cikin ɗari, mai saye ya tanadi 20 nasa. Sai ƙiyasi ya fito 90. Yanzu 72 banki zai bayar, mai saye kuma sai ya nemo 28 a maimakon 20. Wannan takwas ɗin da ta faɗo rana tsaka ita ke rusa ciniki, ko ta tilasta wa mai gida ya sauko.

To mece ce ƙimar kasuwar da yake nema? Majalisar ƙa'idojin ƙiyasi ta duniya, IVSC, wadda aka kafa a 1981, tana da ma'anar da masu sana'ar ke aiki da ita a ƙasashe da dama, har da RICS, ƙungiyar ƙwararrun awo da ƙiyasin kadarori ta Ingila, wadda ke nan tun 1868. A taƙaice, kuɗin da ake sa ran kadara za ta canja hannu a kansa ranar da aka yi ƙiyasin, tsakanin mai son sayarwa da mai son saye waɗanda ba su haɗa komai ba, bayan an tallata kadarar yadda ya kamata, kowa ya san abin da yake yi, ba kuma wanda aka matsa wa. Kowace gaɓa a cikin wannan ma'ana tana kore wani irin ciniki. Gidan da wa ya sayar wa ƙaninsa da rangwame bai shiga ba. Wanda aka yi gwanjonsa saboda bashi ya ci mai shi bai shiga ba. Haka mai sayen da ya ƙwallafa rai a gidanka don yana jikin na mahaifiyarsa, ya taya fiye da kowa: tayinsa gaskiya ne, amma kasuwa ba mutum ɗaya ba ce, banki kuma ba shi da tabbacin samun wani irinsa gobe.

Hanyoyin ƙiyasi uku ne. Akwai hanyar kuɗin gini, wato nawa filin zai yi, nawa za a kashe a sake gina irin wannan gidan yau, sannan a cire abin da tsufa da lalacewa suka ci. Ta fi amfani ga sabon gini ko ginin da ba shi da na biyu a yankin. Akwai hanyar kuɗin shiga, wadda ake bi ga gidajen haya: nawa gidan ke kawowa a shekara bayan an cire ɗawainiyarsa. Sai hanyar kwatance, wadda kusan ita ce ke rinjaye a gidan zama na yau da kullum. A kanta ya kamata a tsaya, don wanda bai fahimce ta ba a banza zai yi ta shiri.

Mai ƙiyasi yakan nemo gidajen da aka riga aka sayar a kusa, kwanan nan, masu kama da naka a girma da shekaru da tsari. A Amurka, inda kamfanonin Fannie Mae da Freddie Mac ke sayen basussukan gidaje daga hannun bankuna, saboda haka ƙa'idojinsu suka zama abin da kusan kowa ke bi, mafi ƙaranci gidaje uku ne da cinikinsu ya kammala, an kuma fi son waɗanda aka sayar cikin wata goma sha biyun da suka wuce. A lura da kalmar: waɗanda aka sayar. Gidan maƙwabcinka da ke ɗauke da allon sayarwa wata takwas da farashin da ya ga dama ba hujja ba ne. Abin da kawai yake nunawa shi ne a wannan farashin ba a saya ba.

Da yake babu gidaje biyu da suka zama ɗaya sak, sai a yi ragi da ƙari. A nan mutane ke rikicewa, domin ba farashin gidanka ake taɓawa ba, na gidan kwatancen ake gyarawa har ya yi kama da naka. A ce an sayar da na farko a kan 100, yana da gareji, kai ba ka da shi, masu saye a unguwar kuma sukan ƙara kamar 4 saboda gareji. Sai a cire, ya koma 96. Na biyu ya tafi a 92, amma ka fi shi banɗaki ɗaya, wanda kasuwa ke biya kamar 3. Sai a ƙara masa, ya zama 95. Na uku 97, filinsa ya ɗan fi naka faɗi, a cire 2, ya zama 95. Ka ga duka ukun sun taru tsakanin 95 da 96. Ba tarawa zai yi ya raba uku ba, zai fi jingina ne da wanda ya fi kama da naka, wanda aka fi yi wa ɗan gyara kaɗan. Abin lura kuma, 4 ɗin garejin ba kuɗin gina gareji ba ne. Kuɗin da masu saye suka nuna a aikace cewa za su iya ƙarawa ne. Tana yiwuwa gina shi ya ci 7.

Idan ka bi wannan lissafin da kyau za ka ga wata gaskiya mai ɗaci: kaso mafi girma na ƙimar gidanka an riga an yanke shi tun kafin mai ƙiyasi ya fito daga motarsa. Unguwa, girman fili, nisa da makaranta da babban titi, ko kasuwa tana hawa ko tana sauka a wannan watan, da kuma farashin da maƙwabta suka amince da shi, duk ba a hannunka suke ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Gidan da ya fi kowane gida tsada a layinsa ƙananan da ke kewaye da shi sukan janyo shi ƙasa, ƙaramin gida a tsakiyar manya kuma yakan ci albarkacinsu. Babu fentin da zai ɗauke gida daga bakin titin jirgin ƙasa.

Abin da ya rage a hannunka kaɗan ne, amma a cikin wannan kaɗan ɗin ake yin asarar da ba ta zama dole ba. Ni a ganina shirin ƙiyasi gaba ɗayansa abu ɗaya ne: kada ka bar mai ƙiyasi ya yi zato. Duk inda bai gani ba, ko ya gani bai samu bayani ba, dole ya cike gurbin da hasashe, kuma mutumin da sa hannunsa da lasisinsa ke kan takarda ba zai yi hasashen da zai jefa shi cikin matsala ba. Ƙasa zai karkata.

Na taɓa tsayawa a falo ina kallon wannan da idona. Akwai wani tabo a silin, launin shayi, faɗinsa bai wuce faranti ba. Rufin ya taɓa yoyo shekara biyu baya, an kira mai gyara ya toshe, tun daga nan ko ɗigo bai sake saukowa ba. Mutanen gidan sun saba da tabon har sun daina ganinsa. Mai ƙiyasi na shigowa ya ɗaga kai, ya matsa ƙarƙashinsa, ya ɗauki hoto sau biyu. Ya tambaya, aka ce ai an gyara tuntuni. Ya ce akwai rasit? Aka shiga dube-dube a durowa, babu. Bai ce komai ba, ya yi ɗan rubutu ya wuce kicin. Da rahoto ya fito sai ga sharaɗin cewa sai masanin rufi ya zo ya duba ya tabbatar babu yoyo, ciniki ya tsaya jiran wannan takardar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma shi ma ya san inda ya daina yoyo, baƙo kuwa ba shi da hanyar sani. Gwangwanin fenti ɗaya da rasit ɗaya da sun kashe maganar.

Yanayin gida ba wai kallon ido kawai ake masa ba, maki ake ba shi. A tsarin da Fannie Mae da Freddie Mac suka shimfiɗa tun 2011, yanayin gida yana da matakai shida, daga C1, wato sabo fil wanda ba a taɓa zama a ciki ba, zuwa C6, wanda lalacewarsa ta kai ga taɓa lafiyar ginin ko amincin mazauna. Ingancin kayan gini da aikin hannu ma haka, daga Q1 zuwa Q6. Yawancin gidajen da ake zaune a ciki suna faɗawa tsakanin C3 da C4, bambancin matakan biyu kuma yana iya zama kuɗi mai kauri idan aka zo ragi da ƙari. Abin da ke sauko da gida daga wannan matakin zuwa na ƙasa da shi ba lalai ne ya zama babban abu ɗaya ba. Tarin ƙananan abubuwa ne: famfon da ke ɗiga, ƙofar da sai an sa kafaɗa take buɗewa, tayil biyu da suka fashe, soket ɗin da ya fito daga bango, gilashin taga da aka liƙe da salatif, indararon da ya karkace har ruwa ke bin bango. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne. A tare suna ba da labarin gidan da ba a kula da shi, wanda ya ji wannan labarin kuma zai fara tunanin abin da ke bayan bango. Masu sana'ar suna bambanta shekarun gida na kalanda da shekarun da yake nunawa. Gida mai shekara arba'in da aka sake wa rufi da wayarin da bututun ruwa yana iya tashi a matsayin ɗan shekara goma sha biyar, wani kuma ɗan shekara goma ya riga ya tsofe.

Ƙananan gyare-gyaren nan su ne inda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu. Manyan ayyuka kuwa, a nan nake jan kunne. Mutum zai ji mai ƙiyasi na zuwa nan da wata guda sai ya fasa kicin ya zuba dutse mai tsada, yana lissafin cewa duk abin da ya kashe zai hau kan farashi. Da wuya haka ta faru. Abin da ake ƙirgawa shi ne abin da gyaran ya ƙara wa gidan a idon masu saye na wannan unguwar, kuma sau da yawa bai kai abin da aka kashe ba. Wani gyaran ma ragewa yake. Wanda ya rushe bango ya haɗe ɗakunan kwana biyu ya yi ƙaton ɗaki guda ya ji daɗin zama, amma a takarda gidansa ya tashi daga mai ɗaki huɗu ya koma mai ɗaki uku, da gidaje masu ɗaki uku kuma za a kwatanta shi. Wurin ninƙaya a yankin da sanyi ke cin rabin shekara, wasu masu sayen ɗawainiya suke gani a cikinsa. Farantan sola ma sai an tambayi na wane ne: a ƙa'idar Fannie Mae, idan hayarsu ake yi daga wani kamfani ba a sa su cikin ƙimar gidan, tunda ba na mai gidan ba ne.

Sai ginin da aka ƙara ba da izinin hukuma ba. Mutum ya ga fili a baya ya ja ɗaki da banɗaki, aiki mai kyau, amma taswirar da ke ofishin hukuma ba ta san da shi ba. Mai ƙiyasi zai auna ya ga girman bai dace da takarda ba. Daga nan ya danganta da dokar wurin da kuma bankin: wani lokaci a ƙirga shi da ragi, wani lokaci a ƙi ƙirga shi sam, wani lokaci ya zama sanadin da banki zai ja da baya. Idan akwai hanyar halasta ginin bayan an gama shi, watanni kafin a sa gidan a kasuwa ake bin ta, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Awo kansa yana da tarkonsa. Tun watan Afrilun 2022 Fannie Mae ta wajabta bin ƙa'idar awo guda, ta ANSI, cibiyar tsara ƙa'idoji ta Amurka. A ƙarƙashinta, gidan da ke tsaye shi kaɗai daga bangon waje ake auna shi, ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa daban ake rubuta shi komai kyan da aka yi masa, wurin da silinsa bai kai ƙafa bakwai ba kuma, in ban da 'yan keɓantattun yanayi, ba ya shiga cikin girman wurin zama. Shi ya sa mai gida zai rantse gidansa kaza ne, rahoto ya fito da ƙasa da haka, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Tsafta fa? Idan ka tambayi masu ƙiyasi za su ce kwanukan da ba a wanke ba da gadon da ba a gyara ba ba sa cikin lissafi, kuma na yarda da su. Gini suke dubawa. Amma tarkace yana ɓoye bango da daɓe, abin da ya ɓuya kuma ya koma cikin zato. Ga shi kuma hotunan da zai ɗauka su ne idon ma'aikacin bankin da ba zai taɓa taka gidan ba. Warin damshi ko na dabba ba ya fita a hoto, amma yana shiga hanci, daga hanci kuma ya sauka a takarda. Saboda haka a share, a kwashe, a buɗe tagogi, a yanke ciyawa, a tsaya nan. Turare da furanni ba su ƙara ko sisi.

Abin da ya fi tsafta muhimmanci shi ne ko'ina ya buɗu. Ɗakin da aka kulle aka tafi da makulli, gareji da ya cika har ƙofa, ramin hawa saman silin da aka tokare da kabad, kare da ke haushi a bayan gida, ɗan haya da ba a sanar da shi ba, kowanne yana iya jawo sai an sake dawowa, dawowar kuma kuɗi ce da lokaci. Wuta da ruwa su kasance a kunne ko da gidan ba kowa. Idan bashin na cikin waɗanda FHA, hukumar lamunin gidaje ta gwamnatin Amurka, ke tsaya wa ne, binciken ya fi tsanani, domin akwai mafi ƙarancin sharuɗɗan lafiya da aminci da dole gida ya cika. Misali, gidan da aka gina kafin 1978, shekarar da aka haramta fenti mai dalma a gidajen zama a ƙasar, idan fentinsa yana ɓarewa sai an kankare an sake shafawa kafin a saki kuɗi.

Sannan takardu. Shafi ɗaya ya isa: abin da aka gyara ko aka sabunta, da shekarar da aka yi, da abin da ya ci. Rufi a shekara kaza, wayarin a shekara kaza, hita, bututu, tagogi. A maƙala rasit da takardun izini da taswirar fili. Ayyukan da ba a gani su suka fi buƙatar wannan, don sabon kicin zai yi wa kansa magana, amma bututun da aka binne a bango ba shi da baki. Idan akwai ɗan haya a sa yarjejeniyar hayar. Idan wani yana da haƙƙin wucewa ta filin, ko akwai gardamar iyaka, gara a faɗa tun da wuri. Ɓoye aibi dabara ce mai gajeren zango, musamman da yake mai saye mai hankali zai kawo nasa mai binciken gini daban. Ayyukan biyu ba ɗaya ba ne, ko da yake ana yawan haɗa su: mai ƙiyasi ƙima yake nema, mai binciken gini kuwa lafiyar ginin yake bi dalla-dalla, ya hau rufi, ya buɗe akwatin wuta, ya nemi gara. A Ingila ma haka abin yake, ƙiyasin da banki ke yi taƙaitacce ne kuma don amfanin bankin, wanda ke son sanin lafiyar ginin sai ya biya a yi masa bincike na daban.

Yanzu maganar da ta fi santsi: me za ka ce masa? Akwai tarihi a bayan wannan. A Amurka, bayan durƙushewar ɗaruruwan bankunan ajiya da lamuni a shekarun 1980, inda kumbura ƙimar kadarori ya taka rawa, aka yi dokar FIRREA a 1989 wadda ta kawo lasisi da ƙa'idojin aiki na bai ɗaya ga masu ƙiyasi. Duk da haka, a shekarun da suka gabaci rikicin tattalin arziki na 2008 dillalan bashi sun riƙa matsa wa masu ƙiyasi su kawo lambar da ake so, wanda ya ƙi kuma a daina ba shi aiki. Bayan abin ya fashe aka kawo sabuwar ƙa'ida a 2009, dokar Dodd-Frank ta 2010 kuma ta ƙarfafa ta: haramun ne wanda ke da riba a cinikin ya matsa wa mai ƙiyasi, ko ya yi masa tayin wani abu, ko ya tsoratar da shi. Bankuna da yawa suka koma bi ta hannun kamfanonin da ke rarraba aikin ƙiyasi. Wannan ya rage matsi, amma ya zo da nasa lahanin, domin wanda aka turo maka yana iya kasancewa daga nesa yake, bai san cewa layinku da layin bayanku ba ɗaya ba ne a wurin masu saye.

Saboda haka bayani halas ne, matsi ne haramun. Kana iya miƙa masa jerin gidaje biyu ko uku da aka sayar kwanan nan waɗanda kake ganin sun yi kama da naka, musamman cinikin da aka yi ba ta hannun dillali ba, wanda wataƙila bai shiga rumbun bayanan da yake dubawa ba. Kana iya gaya masa cewa gidan can da ya tafi da arha gobara ta taɓa cinsa, ko magada ne suka sayar cikin gaggawa. Abin da ba za ka ce ba shi ne kana buƙatar ya kai kaza. Kuma kada ka riƙa binsa ɗaki-ɗaki kana yabon gidanka kamar mai tallan magani. Ka gaishe shi, ka ba shi takardar, ka nuna masa inda abubuwa suke, ka koma gefe inda zai same ka idan yana da tambaya.

Idan duk da haka ƙiyasi ya zo ƙasa da ciniki, kafin a yi fushi a karanta rahoton. A Amurka doka ta wajabta wa banki ya ba mai neman bashi kwafinsa da zarar ya kammala, kuma aƙalla kwana uku na aiki kafin a rufe ciniki. Mai sayarwa ba shi da wannan haƙƙin kai tsaye, sai mai saye ya ga damar nuna masa. Kurakurai suna faruwa: an rubuta banɗaki biyu alhali uku ne, an manta sabon rufi, an ɗauko gidan kwatance daga tsallaken babban titi inda farashi ya bambanta, an tsallake wani ciniki na kusa. Irin waɗannan ake tattarawa a nemi a sake duba ƙiyasin, ta hannun banki. Tun 2024 Fannie Mae da Freddie Mac suka tsara yadda mai neman bashi zai gabatar da wannan buƙata, yana kuma iya haɗawa da gidajen kwatance har biyar. Ƙorafin da ya dogara da cewa mai gida ya san darajar gidansa ba ya zuwa ko'ina. Wanda ya ce ga shafi kaza, ga kuskuren, ga hujjar, shi ake saurara.

Akwai kuma abin da ya wuce kuskure. Wani bincike da Freddie Mac ta fitar a 2021 ya gano cewa a unguwannin da baƙar fata suka fi yawa kashi 12.5 cikin ɗari na ƙiyasi ya zo ƙasa da farashin ciniki, a na 'yan asalin Latin Amurka kashi 15.4, a na farar fata kuwa kashi 7.4. Ana ta muhawara kan dalilan wannan giɓi, amma nuna bambancin launin fata ko addini ko asali a ƙiyasin gida laifi ne a dokar ƙasar, wanda ya ga alamarsa kuma yana da inda zai kai ƙara. Alƙaluman suna nuna wani abu daban a gefe guda: a kowane rukuni, mafi yawan ƙiyasi yana kai farashin ciniki ko ya wuce shi.

Idan lambar ta ƙi motsi, zaɓin da ya rage sananne ne. Mai gida ya sauko zuwa ƙiyasin, ko mai saye ya ciko daga aljihunsa, ko su raba giɓin, ko a koma wani banki a sake sabon ƙiyasi da sabon kuɗin aiki, ba tare da tabbacin zai fi na farko ba. Mai sayen da ya sa sharaɗin ƙiyasi a yarjejeniya tun farko, wato cewa ciniki ba zai tabbata ba sai ƙiyasi ya kai farashin, yana iya janyewa ya karɓi kafin alƙalaminsa, wanda ya yafe sharaɗin don ya doke sauran masu tayi kuwa ya ɗaure kansa. Ƙiyasin ma ba ya dawwama, don ƙima ta ranar da aka duba ce. A ƙa'idar Fannie Mae, idan rahoto ya wuce wata huɗu kafin a sa hannu a bashin sai mai ƙiyasi ya sake leƙawa ya tabbatar ƙimar ba ta faɗi ba, idan ya wuce shekara guda kuwa sabo za a yi daga farko.